Bututun da Aka Halitta da Yoyo

Shekara talatin da ɗaya Baba Tanimu na farautar yoyo,
daga Malali zuwa Kabala, daga Kabala zuwa Unguwar Dosa,
sifana a aljihun baya, ido a ƙasa.
In ya ga ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani
sai ya ce wa yaransa, "Ku tona nan."
Ba a taɓa tonawa an tashi a banza ba.

Yau shi ne kwance, gado na huɗu, gefen taga,
ƙafafunsa sun cika tam kamar salka.
Na danna babban yatsa a ƙwaurinsa, na ƙirga biyar, na ɗaga.
Gurbin ya zauna,
kamar sawun akuya a bakin kogi bayan ruwa ya janye.

Ya ce, "Ramlatu, ke da kika yi karatun,
ina ne bututun ya fashe?"

Baba, babu inda ya fashe.
Ka ji yadda aka shimfiɗa layinka:
zuciya ce inji, ba ta jiran a kawo wuta.
Daga gare ta babbar jijiya ta tashi, kaurin tiyo,
bangonta na buɗewa yana tsukewa,
bugun nan ne kake ji a wuyan hannu.
Ta rabu, ta sake rabuwa,
yadda titi kan shiga unguwa ya koma lungu,
har ta kai siririn da gashin kai ya fi shi kauri,
inda jajayen ƙwayoyin jini ke wucewa ɗai-ɗai
kamar masu tsallake kwata a kan katako guda.

To a nan, Baba, ka ajiye sifanarka.
Wannan bututun da yoyo aka halicce shi.
Bangonsa rariya ne.
Ƙarfin zuciya na tura ruwa waje,
ruwan ya fita da sukari da gishiri,
iskar da huhu ya auno ita ma ta ratsa,
su kai wa tsoka har ƙofar ɗaki.

Ya yamutsa fuska. "Asara ke nan."

Ba asara ba ce. Akwai mai gadi a cikin jini,
furotin da hanta ke dafawa,
ya yi wa ramukan rariya girma, ba ya fita,
sai ya zauna ciki yana kiran ruwa ya komo,
yadda gishiri ke tatso ruwa daga yankakkiyar albasa.
Wannan na turi, wancan na ja,
kasuwa ce da ba a tashi.
Abin da ya yi saura a waje
wasu magudanai marasa launi ke tsince shi sannu,
su bi ta matsematsi da hammata, inda kaluluwa kan fito,
su juye shi cikin jini a gindin wuya.

Kai injinka ne ya gaji.
Jinin da ya sauka ƙafa na jiran hawa
kamar motoci a Kawo ranar Talata,
layi ya cushe, matsi ya ƙaru,
mai fita ya fi mai komawa.

Ya yi shiru. Fankar sama na juyi da ƙyar.
"Wato ba a toshewa."
Ba a toshewa.
"Sai dai a rage wa inji lodi."
Na ƙara masa filo a baya, na ba shi ƙwayar fitsari,
na ce Inna ta raba miyarsa da gishiri.
Nan ne kaɗai ya yi tsaki.

Kwana uku, da asuba, na iske shi zaune
yana danna ƙwaurinsa da kansa, leɓensa na ƙirga.
Gurbin ya taso kafin ya ɗauke ido.
Bai ce mini komai a kai ba.
Ya karkata kunne wajen baranda
inda famfon wanke hannu ke ɗiga tun daren jiya.

"Wancan dai," ya ce, "ba Allah ne ya yi masa yoyo ba.
Aika gida a kawo mini sifana."